Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Mun tashi daga Kano ranar Talata, ana sallame sallar asuba, mu uku a tsohuwar Landirobar ofis: ni da likitanmu da direba. Tun da muka dawo ake tare ni a hanya ana dariya, wai da gaske ne an tura ni har Gwarzo da Kabo fiɗiyar maguna? Da gaske ne. To ga labarin nan gaba ɗayansa, in huta da maimaitawa, don ni dariyar ta ƙare mini tun ranar Alhamis ɗin tafiyar.

Ni dai malamin dabbobi ne. Na tsufa a cikin allurar shanu da dandaƙar bijimai, har abokai na tsokanata wai in na bi ta kara bijimai sunkuyar da kai suke yi. Mage kuwa ban taɓa ɗaukarta a dabbar da za ta ba ni aiki ba. Wanda ya jawo mana tafiyar wani Alhaji ne mai sayen gyaɗa a Kabo. Shekarun baya ya zuba maguna a sitonsa don su kama masa ɓeraye. Suka kama, suka ƙoshi, suka hayayyafa har suka fi ɓerayen zama masifa: ga fitsari a kan buhuna, ga yagar buhu wajen faɗa, muzurai kuma sun koma kan kajin maƙwabta. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Alhaji ya sayo guba. Liman da dattawan gari suka ce a'a, alhakin mage ba abin ɗauka ba ne. Aka daidaita a kan a kira mu mu yi musu aikin hana haihuwa, mu sa wa kowacce shaida a kunne. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: da an sauko Juma'a, duk magen da aka kama babu shaida, gubar nan ce rabonta.

Hanyar Gwarzo a lokacin kaka ba ta mai sauri ba ce. Muna fita Ƙofar Kabuga muka fara gamuwa da lorori shaƙe da buhunan gyaɗa sun nufo birni suna nishi, a gefensu jakuna da mangaloli, can kuma raƙuma suna tafe a jere ba ruwansu da kowa. Duk duniya ta nufi gabas da kaya, mu kaɗai muka nufi yamma da akwatin almakasai. Gargada ta yi ta jijjiga mu, likita ya rungume kwalbar maganin barci a ƙirji don kada ta fashe. Shi matashi ne, bai daɗe da gama karatu ba, ga ilimi ga ƙarancin magana. Direba kuwa ya ɗauke masa nauyin maganar, shi da motarsa suke fira, yana lallashinta a kowane hawa.

A Rimin Gado muka tsaya karin kumallo. Ƙosan taro, wato na kwabo uku, ya ishe mu mu uku, da koko mai tsami wanda ya buɗe mana ido. Mai ƙosan ta yi mana ƙorafi wai man gyaɗa ya yi tsada a garin da ake noman gyaɗar, don duk an kwashe an kai dalar gyaɗa a birni. Daga nan gonaki ne hagu da dama an tuge su tas, an ɗora harawa a kan rassan itatuwa inda awaki ba za su kai ba.

Mun shiga Gwarzo da hantsi. An riga an yi shela, don haka muka kafa teburinmu a gindin wata tsamiya kusa da kasuwa, muka ce duk mai mage ko kare da yake son a hana shi haihuwa ya kawo. Masu kallo sun ninka masu kawowa sau goma. Aikin namiji nawa ne, kuma ba shi da wuya: a cusa kan muzuru cikin dogon takalmin roba, direba ya riƙe ƙafafun baya, kafin ya gama zagina na gama. Aikin mace na likita ne: a shaƙa mata maganin barci a auduga, a aske gefen ciki, a cire mahaifa, a ɗinke. Wani dattijo mai tsinin gemu ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Kai, Malam, lallai gyaɗa ta yi albarka bana, tun da har hukuma ta samu sukunin leƙa ƙarƙashin muzuru." Aka yi ta dariya, har da likita. Wani maharbi kuma ya zo da karensa, da ya ga abin da ake yi sai ya ce ai shi gaisuwa ya zo yi, ya ja igiyarsa ya tafi.

Mutanen wajen nan sun karrama mu. An kawo mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, matan Kutama da ke nan kusa kuma suka dama mana fura da kindirmo. Da yawansu in ka dubi fuska ka ga Bafillace, amma in ya buɗe baki Hausa ce tsantsa. Kakanni makiyaya, jikoki manoman gyaɗa. Na lura da wata ɗabi'a tasu: in aka wuce da dabba, ko ɗan akuya ne, kunnenta suke fara dubawa kafin su dubi jikinta. Na gani da idona, na kuma bar shi a nan gindin tsamiya ban tambayi dalili ba. Ni da na yi shekaru cikin shanu na san makiyayi na tsaga kunnen dabbarsa, amma ban taɓa damuwa da tsagar wa ce wannan ba. Nawa dai allura ne in wuce.

Ranar Laraba da safe muka juyo zuwa Kabo. Siton Alhaji yana bakin gari, dogon gini mai rufin kwano, ga sikeli a ƙofa, ga 'yan dako suna ta hawa da sauka. Alhajin ya tarbe mu da fara'a, ya haɗa mu da mai gadinsa, wani dattijo siriri mai suna Malam Iro, shi kuma ya koma wajen awo.

Malam Iro ya buɗe mana ƙofar ciki. A waje rana tsaka, a ciki kuwa duhu da sanyi da warin gyaɗa haɗe da zarni. Buhuna sun kai rufi. Da farko ban ga mage ko ɗaya ba, har na buɗe baki zan yi tsokana. Sai idona ya saba da duhun. Suna nan a saman buhuna, jeri bisa jeri, a zaune, babu mai motsi, babu mai kuka, duk sun zubo mana ido. Na sha shiga tsakiyar garken shanu masu ƙaho ban ji komai ba, amma a nan sai da tsigar jikina ta tashi. Direba ya yi bisimilla ya koma baya, wai zai duba ruwan mota.

Da akurkin kaji muke kama su. A tokare bakin akurki da kara, a ɗaura zare, a ajiye busasshen kifi a ciki. Malam Iro ya iya abin, don haka muka bar shi a ciki yana kamawa, 'yan dako suna fito mana da su rumfar da muke aiki a bayan sito.

Nan maganar shaida ta taso. Likita ya ce a littafi bakin kunne ake ɗan yankewa. Muka duba, ashe magunan nan kusan duk kunnuwansu a gutsure suke saboda faɗa, in muka yanke baki babu mai bambance aikinmu da aikin haƙori. Sai na ce a bar mini. Na ɗauki askata na yi tsaga biyu a kunnen hagu, na ɗan fafe ƙasan kunnen dama. Ta fito sarai, ko daga nesa za a gane. Har na yabi kaina. Ban tambayi kowa ba, don a ganina wa zai damu da kunnen mage?

Haka muka yi ta yi har la'asar. Waɗanda aka gama muna kwantar da su a kwanduna a inuwa su farfaɗo. Sai Malam Iro ya fito shan iska, ya leƙa kwando ɗaya. Na ga ya tsaya. Ya leƙa na biyu, ya leƙa na uku. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta sauya.

"Malam, wa ya nuna maka wannan?"

Na ce babu kowa, ni na ƙirƙiro.

Ya ce, "Innalillahi." Ya ajiye akurkin da ke hannunsa a hankali, ya sa takalmansa ya fita, ko sallama babu.

Kafin rana ta yi ja, masu kallon da suka cika mana rumfa tun safe sun zame ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi mana faɗa, ba wanda ya ce mun yi laifi. Shirun ne ya dame ni. Wani muzuru da ya farfaɗo ya fita yana tangaɗi, na ga wani tsoho mai sanda ya kauce masa hanya, ya tsaya har ya wuce. Matar da ta kawo mana abinci ta ajiye akushi daga nesa ta juya. Na ce da likita akwai magana. Ya ce ƙila jini ne ba sa son gani. Ban yarda ba, don na san mutanen da ke yanka rago da hannunsu ba jinin mage zai kore su ba.

Ranar Alhamis da sassafe muka je rumfa muka tarar da kwanduna wayam. Ko ɗaya babu, har da matan da aka ɗinke jiya, waɗanda bai kamata su iya tsallake ko tabarma ba. A cikin sito sai 'yan tsirarun da ba mu kai gare su ba. Muna tsaye cirko-cirko Malam Iro ya iso. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi baƙunta, kamar jiya ba a yi komai ba. Sannan ya ce likita ya ci gaba da aiki, ni kuwa in biyo shi, ana nemana.

Mun bi wata 'yar hanya ta cikin gonaki, tafiyar da ba ta kai mil biyu ba. A hanya ya warware mini. A nan ƙasar kowane gidan makiyaya da tsagarsa, ana gadonta kamar gona, kuma dabbar da ke ɗauke da shaidar wani gida ba mai taɓa ta, sai dai a mayar wa masu ita. Tsaga biyu a hagu da fafe a dama shaidar gidan Arɗo Buba ce, wanda a zamaninsa ba mai shanu kamarsa a wajen nan. Ciwon bushiya ya shiga garkensa, a damina ɗaya ya share shi, ko maraƙi bai bari ba. Arɗo bai daɗe ba ya bi su. 'Ya'yansa maza suka watse, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Tun daga ranar ba a ƙara ganin wannan tsaga a kunnen wani abu mai rai ba, sai jiya. 'Yarsa ɗaya ta rage, Goggo Dije. Ta yi aure ba ta haihu ba, mijin ya rasu, ta dawo kufan ubanta ta zauna, yanzu ma idonta ya tafi. Magunanmu kuwa, in ji shi, suna can wajenta.

Na ce to su wa suka kwashe magunan suka kai mata? Ya tsaya ya dube ni ya ce wallahi ba wanda ya ɗauke su.

Kufan yana kan ɗan tudu, ɗaki ɗaya na jinka a tsakiyar rusassun katangu. A gabansa akwai fili mai faɗi, an share shi fes, an kafa turaku a jere. Turakun sababbi ne. Malam Iro ya raɗa mini cewa duk shekara sai ta sa an sassaƙo mata wasu, kuma kullum da safe sai ta share makwantar shanun nan da ba ta ga saniya ba tun tana yarinya. Magunanmu suna nan. Ba a cunkushe suke ba yadda mage ke yi in tana jin ciwo. Kowacce ta kama gindin turke ɗaya ta kwanta, ta naɗe ƙafafu, kunnuwa da busasshen jini. Rana tana haskawa, kurciya tana kuka a kan kuka.

Tsohuwar tana zaune a bakin ɗaki a kan buzu, 'yar ƙarama, fara, da ƙwarya a kife a gefenta. Muka yi sallama muka durƙusa.

"Ina kwana, Goggo? An tashi lafiya? Yaya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Yaya hanya? Yaya mutanen birni? Madalla. Iro, shi ne mai askar?"

"Shi ne, Goggo."

"Matso, ɗan nan. Miƙo hannun."

Na miƙa. Ta shafa tafin, ta bi yatsun ɗaya-ɗaya. Ta tambayi sunan ubana da na kakana da garin da muka fito. Na faɗa mata, mu majema ne na cikin birni, ko akuya ba mu gada ba.

"Ba jininmu ba ne," in ji ta. "To wa ya koya maka?"

"Wallahi, Goggo, babu. Kuskure ne. Ban sani ba."

"Uhm. Tsagar ta biyu ta yi gajarta. Baffa ya fi jan ta ƙasa." Ubanta Arɗo take nufi.

Ta ɗaga kai ta yi wani irin kira daga maƙogwaro, irin wanda makiyaya ke yi da yamma. Ta fara ambaton sunaye: Saye, Nore, da wasu da ban riƙe ba. Sunayen shanun ubanta ne, kuma Fillancin da ya rage a bakinta ke nan. Magunan suka ɗago kai. Biyu suka taso suna ɗingishi suka zo ta shafa kunnuwansu.

"Kada ka ce tsohuwa ta haukace," ta ce. "Na san maguna ne. Na daɗe ina zuba musu ɗan tsaki da nono in sun biyo ta nan. Amma jiya da na shafa na ji kunnen gidanmu a hannuna, sai na ce Allah Ya tuna da mu, ko da a jikin mage ne. Sannan Iro ya gaya mini aikin da kuka yi musu. Gaskiya ne? Duk mai shaidar nan ba za ta ƙara haihuwa ba?"

Na ce gaskiya ne.

Sannan ta ce, "Ashe shaidar gidanmu ta zama shaidar ƙarewa. Bushiya ta yi nata, kai kuma ka zo ka ƙarasa."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Na dandaƙe bijimai ba iyaka ban taɓa waiwaye ba, yau ga ni durƙushe gaban makauniya na rasa inda zan sa idona.

Sai ta ɗaga ƙwaryar da ke gefenta. A ƙarƙashi wata mage ce fara-fara mai tabo a goshi, kunnuwanta lafiya ƙalau. Ta ce sunanta Wule, sunan saniyar da aka ba ta tana ƙarama. Ita ba ta cika zama a sito ba, shi ya sa akurkinmu bai same ta ba. Ta ɗora mini ita a cinya ta ce in taɓa cikinta. Na taɓa. Na ji su a ƙarƙashin yatsuna, ƙanana a jere kamar gyaɗa a cikin kwanso.

Na yi mata bayani dalla-dalla, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. In na bar Wule babu shaida, gobe bayan Juma'a duk ranar da ta leƙa sito an kama ta, guba ce. In na kai ta wajen likita za ta samu shaida ta rayu, amma da cikin da mahaifar duk za a cire, don haka muka yi wa sauran masu ƙaramin ciki.

"Na ji," ta ce. "Shi Alhajin, ciki yake dubawa ko kunne?"

Na dubi Malam Iro. Malam Iro ya dubi sama, ya sami wani abin sha'awa a reshen kuka.

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa yin shaidar ƙarya a aiki ba. Saniyar da ban yi wa allura ba ba na cewa na yi. Na tuna amanar da aka ba mu, na tuna cewa mage ɗaya mai haihuwa ta isa ta mayar da sito yadda yake cikin 'yan shekaru. Duk na tuna. Amma hannuna ya riga ya shiga aljihu, inda askar take tun jiya.

Ita ta riƙe ta, yadda ake riƙe maraƙi, kai a hammata. Ta sa farcenta a kan kunnen ta ce, "Nan. Ja har nan." Na ja har inda ta ce. Na yi ta biyu, na fafe dama. Wule ko ƙara ba ta yi ba. Amma a daidai lokacin da askar ta taɓa kunnen, duk magunan da ke filin nan suka miƙe tsaye a gindin turakunsu a tare, suka juyo suna kallonmu. Ba su zauna ba sai da na goge askar. Malam Iro yana ta salati a hankali.

Tsohuwar ta shafa kunnen ta ce, "Yawwa. Wannan ce ta Baffa."

Har mun miƙe sai wani tunani ya zo mini. Na ce, Goggo, akwai sauran magana. 'Ya'yan da za ta haifa da lafiyayyen kunne za su zo, ni kuwa ina Kano. Sai ta buɗe tafin hannunta ta miƙo. Na tsaya ina kallon hannun.

"Yankan kunne dai ba kai za ka koya wa 'yar Arɗo ba," in ji ta.

Na naɗe askar na ɗora mata.

Mun ƙarasa sauran aikin da yammacin ranar, da almakashin likita, da tsagar nan dai, tun da an riga an fara. Ranar Juma'a Alhaji ya zo duba aiki. Labari ya riga mu isa gare shi, don ko kusa da kwandunan bai matso ba. Ashe shi ma mahaifiyarsa 'yar makiyaya ce. Ya ce shi dai ba da shi za a taɓa dabbar gidan Arɗo ba, ya sa aka ɗauke gwangwanin gubar daga kan taga. Abin da ya dame shi kawai kada ɓeraye su dawo, Malam Iro ya ce kada ya damu, garke in ya kwana gida da safe kiwo yake fita.

Bayan an sauko masallaci muka kamo hanya. Wannan karon muna cikin ayarin lorori, muna bin bayansu a hankali. Likita ya yi mini bayani mai kyau: dabba in ta ji ciwo inda ta saba samun abinci take nufa, turke kuma yana da 'yar inuwa, hanyoyin tsaga kunne kuwa ba su da yawa, dole wata rana a yi karo. Duk na yarda. Miƙewar nan tasu a tare ce bai ba ni amsarta ba, don ba ya wurin. Da muka wuce Janguza na gaya masa abin da na yi wa Wule. Ya dubi hanya ya ce ƙarar motar nan ta yi yawa, bai ji abin da na ce ba. Direba ya ce ai shi ma ya daɗe yana cewa a gyara salansar.

Mun shigo birni rana na shirin faɗuwa, ga dalar gyaɗa can ta ƙara tsawo a kwana huɗun da ba ma nan. Na isa gida, magen maiɗakina ta zo tana goga jiki a ƙafata, sai na kama kaina ina duba kunnenta kafin komai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya shiga. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Na je ƙasar mutane da askata da shekaruna na aiki, na yanka abin da na ɗauka fatar banza ce, ashe sunan gidan wani na rubuta. Da na buɗe baki na tambayi Malam Iro tun farko, da ya nuna mini wata tsagar, da mun yi aikinmu tsaf mun dawo, da Wule ta bi sahun sauran ko ta ci guba, da kuma tsohuwar nan tana can tana share filin da ba kowa. Har yau ban san ko kuskuren nawa ne ko aiko ni aka yi in yi shi ba.

Masu dariya su ci gaba, ba na jin haushi. Ni dai kwanaki nake ƙirgawa. Yadda na ji cikin nan a hannuna, wata mai kamawa Wule za ta haihu. An tambaye ni a ofis ina askata, na ce tana wajen aiki.